Katin Kaɗanya

Changli, Tamale
9 ga Maris, 2024

Zuwa ga mahaifina, Alhaji Imoru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Gwaggo Hawawu da mutanen Salaga baki ɗaya. Yaya ƙafa? Yaya zafin nan da ya sa mu gaba? Mu nan lafiya lau, maigidana Mudasiru yana gaishe ka.

Gwaggo ta ce ko an kanga maka waya a kunne ba ka jin komai sai gunji, kuma ka hana ta isar maka da saƙo wai tana ƙara gishiri. To, ga takarda. Yidana direba zai riƙa kawo maka.

Maganar shagonka na Tishigu ce. Tsohuwar kwamfutar ta mutu. Ranar Talata Yaya Wumpini ya kunna ta, ta yi ƙara, ta yi warin ƙonanniyar roba, shi ke nan. Ta yi aikinta, ban ga laifinta ba. Keken aikin wuya kuwa lafiyarsa ƙalau, yana nan yana dukan rigunan batakari yadda ka san shi.

Damuwar tana wajen katunan da ka zuba zane-zanenka a ciki. Ban sani ba ko wanda ya sayar maka da keken ya taɓa gaya maka cewa kowane kati yana da ɗan batir a cikinsa, irin na agogon hannu, kuma shi ke riƙe da zanen. Ran da batirin ya ƙare, zanen ya tafi. Biyu sun riga sun tafi, Baba. Ɗaya mai askar da kake yi wa limamai ne, ɗayan kuma na rigunan yara. Wumpini bai so in gaya maka ba, ni kuma ban ga amfanin ɓoyewa ba.

Na ɗauko akwatin da ake zura katin, na jona shi da kwamfutata, na kwashe abin da ke cikin duk katunan da suka rage. Akwatin yana karantawa har yanzu, amma ɓangarensa na rubutu ya ƙone tare da kwamfutar, ba zai sake zuba komai a kati ba. Abin da na kwashe kuma lambobi ne zalla. Tsohuwar manhajar da kake zane da ita ce kaɗai ta san yadda za ta mai da su zane, ita kaɗai ke faɗaɗa wuya ga mai ƙiba, ta rage wa siriri, ba tare da ɗinkin ya cukurkuɗe ba. Kamfanin da ya yi ta ya daɗe da rufewa, ita kuma ba ta yarda ta zauna a sabuwar kwamfuta.

Ga inda aikina na danne-danne, kamar yadda kake kiransa, zai yi rana. Akwai wata manhaja da ke gina kwamfutar ƙarya a cikin ta gaske. In ka saka tsohuwar manhaja a ciki, sai ta ga allo irin nata da faifai irin nata, ta zaci har yanzu muna shekarar da ka sayo ta. Na gwada, ta tashi sarai. Sai ta nemi kati, ba ta gani ba, ta kafe. Masu wannan kwamfutar ƙarya sun kwaikwayi na'urori barkatai, amma ba wanda ya taɓa kwaikwayon katin keken ɗinki. Shi zan rubuta: katin ƙarya da zai amsa mata duk yadda na gasken ke amsawa.

Ban yi alkawarin komai ba. Kafin nan Wumpini zai ci gaba da katunan da ke da sauran rai.

Ka gaida Gwaggo, ka ce mata ni ban ce tana ƙara gishiri ba, kai ka faɗa.

'Yarka,
Zuhuratu

Changli, Tamale
18 ga Mayu, 2024

Baba,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. An ce ruwa ya sauka a wajenku, Allah ya sa mai albarka ne. Ɗanwaken da Gwaggo ta aiko garinsa mun yi, mun gode.

Katin ƙarya ya yi aiki, amma sai da ya sha mini kai. Na rubuta shi daidai da takardar bayanin ƙwayar ajiyar da ke cikin katin, ban tsallake layi ba. Manhajar ta duba shi ta ce lalatacce ne. Na shafe makonni ina neman kuskurena, ga dumso yana ɗauke mana wuta duk lokacin da na fara gane wani abu. Ashe laifinsa sauri. Katin gaske in an tambaye shi yakan ɗan jima kafin ya amsa, manhajar kuma ta saba da jiran nan, duk wanda ya amsa nan take ba ta yarda da shi. Haka na zauna ina koya wa sabon abu yin nawa da gangan. Da ya iya jinkiri, sai ga zane-zanenka sun bayyana a allo ɗaya bayan ɗaya. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na tashi na sha ruwa na dawo na sake kallonsu.

Na sayo wata 'yar na'ura da ke kai zane daga kwamfutata zuwa keken ba tare da kati ba. Mun gwada a kan ƙyalle, ya fita. Wumpini, wanda ka san godiyarsa ba ta wuce gyaɗa kai, har zabuwa ya aiko mini.

Murnar ba ta daɗe ba. Kwamfutar ƙaryar nan ba ta mutum ɗaya ba ce. Ɗaruruwan mutane ne a ƙasashe daban-daban ke gina ta kyauta, kowa da ɓangarensa, kuma duk bayan 'yan watanni suna fitar da sabuwa. Da sabuwar ta fito, sai ta ƙi zama da katina, domin sun canza wurin da na jingina shi. Na gyara. Amma haka zan yi ta gyara duk lokacin da suka motsa, kuma ni mutum ce, zan iya ciwo, zan iya barin gari, zan iya mutuwa. Ranar da na daina, shagon ya koma inda yake a watan Maris.

Mafita ɗaya ce, su karɓi katin ya zama nasu. Dokarsu ita ce, abin da ya shiga gidan nasu, wato cikin manhajar, duk wanda ya karya shi, shi zai gyara kafin a karɓi nasa aikin. Saboda haka na aika musu ta imel, a wurin da kowa ke gani.

Mai kula da sashen ƙwayoyin ajiya wani dattijo ne a can Turai, ban taɓa ganin fuskarsa ba. Ni Mai Jan Biro nake kiransa. Ba sannu, ba yaya aiki. Ya bi rubutuna layi-layi: wannan suna ya yi tsawo, nan kin bar fili biyu maimakon ɗaya, wannan ki raba shi gida uku. Mudasiru ya ce in rabu da shi, mutumin ba shi da tarbiyya. Ni kuwa ya tuna mini da yadda kake sa almajiran ɗinkinka su farke wuya sukutum saboda zare ɗaya. Na gyara na sake aikawa, ya sake dawo da shi. Muna nan a kai.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Taka,
Zuhuratu

Changli, Tamale
22 ga Yuni, 2024

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fata ƙafar ta bar ka ka je Idi. Naman da muka ba Yidana, in ya kawo ba cinya, ka tambaye shi.

Wannan takardar roƙo ce, kuma zan faɗi komai yadda yake domin kada a ce na rufe ka.

Mai Jan Biro ya gama da filaye da sunaye. A karo na ƙarshe ya rubuto cewa aikin ya yi, wanda a bakinsa wannan kirari ne. Saura abu ɗaya. Ba sa karɓar na'ura sai da gwajinta, wato wani ɗan aiki da zai riƙa duba ta da kansa duk lokacin da wani ya taɓa gidan. Gwajin kuma yana bukatar kwafin kati na gaske, wanda akwatin gaske ya rubuta. Na ce zan ƙirƙiri wani zanen banza in ba su. Ya ce abin da katin ƙarya ya rubuta, katin ƙarya zai karanta ko da duka biyun kuskure ne, wannan ba shaida ba ce. Na duba maganarsa ta kowace fuska, gaskiya ya faɗa. Akwatinmu kuma ba ya rubutu yanzu, katunanka kaɗai suka rage.

Na zaɓi ƙaramin zanen nan na bakin aljihu, wanda kowane tela a unguwar Sabonjida ya iya. Bai isa ba. Kowane kati ƙwayar ajiya biyu ce a cikinsa, kuma wurin da aka fi yin ɓarna shi ne inda zane ya cika ta farko ya tsallaka ta biyu. Duk zane-zanenka suna ƙarewa a ƙwaya ɗaya, in ban da guda. Ka riga ka san wanne. Kaɗanya ce kaɗai ta kai wannan girma, daga wuya zuwa ƙirji, ta zagaye aljihu ta haura baya.

Duk abin da aka sa a gidan nan nasu a buɗe yake, kowa a duniya zai iya ɗauka, kuma ba a janyewa. Wanda ya samu tsohuwar manhajar, da katin ƙaryar da na rubuta da hannuna, zai iya fitar da Kaɗanya ya zuba a kowane keke. Wataƙila ba wanda zai kula, domin masu shiga wurin ba teloli ba ne. Wataƙila kuma a kula. Ban sani ba, kuma ba zan ce na sani ba.

Na gaya wa Wumpini a shago. Ya kashe keken kafin ya amsa mini. Ya ce masu sababbin kekuna a Kumasi sun daɗe suna ɗaukar hotonta suna kwaikwayo suna kasawa, domin ganyen yana hawa kan ganye ta yadda ido ba ya gane wanne aka fara. Ya ce saboda ita gidajen sarauta ke zuwa Tishigu duk bikin Damba, sauran zanen kowa yana da irinsu. Ya tuna mini cewa ko almajiran da ka yaye ba ka taɓa ba su ita ba. Ya ce in ci gaba da gyarana duk wata, ai ban mutu ba tukuna. Daga nan ya kira ni Baturiya, na ce masa ya sha ruwa.

Yana da hujja. Tawa ita ce wadda na faɗa maka a takardar baya: in ba su karɓa ba, duk zane-zanen, har da Kaɗanyar, suna rataye ne a wuyan mutum ɗaya. In sun karɓa, za su rayu ko ba ni. Ana ba da ɗaya ne a tsira da sauran, sai dai ɗayan ita ce babba.

Ba tawa ba ce, ba ta Wumpini ba ce. Kai ka zauna ka ɗora ta ɗinki bayan ɗinki har kunnenka ya tafi a gefen keken nan. In ka ce a'a, zan rubuta wa Mai Jan Biro in janye, ba zan sake tayar da maganar ba. Suna rufe karɓar sabon aiki a tsakiyar watan gobe.

Ina jiran Yidana.

'Yarka mai biyayya, gwargwadon hali,
Zuhuratu

Changli, Tamale
13 ga Yuli, 2024

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya.

Amsarka ta iso. Ajamina ya yi tsatsa, sai da na karanta a hankali. Ka ce in ba su, Wumpini ya yi haƙuri, kuma a rubuta sunan Malam Abdul-Ganiyu na zangon Kumasi, wanda ya koya maka ɗora ganye kan ganye. Na so a ce ka ƙara ko layi ɗaya na dalili, domin in samu abin nuna wa Wumpini. Na juya takardar, babu.

Na aika. Al'adarsu ce duk wanda hannunsa ya taɓa aiki a jera sunansa a ƙasa. Na sa nawa, na sa naka a matsayin mai zane, na sa na Malam. Mai Jan Biro ya tambaya ko Malam yana da adireshin imel. Na ce ya rasu kafin a haife ni. Sai ya bar sunan yadda yake, ya sa nasa a ƙarƙashi. An karɓa ranar Alhamis.

Na zaci zan yi tsalle. Na rufe kwamfutar na je na ɗora tuwo.

Na nuna wa Wumpini takardarka. Ya karanta, ya ninke, ya miƙo mini, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Aiki yana tafiya a shago, an fara karɓar ɗinkin Damba.

A gaida Gwaggo.

Zuhuratu

Changli, Tamale
27 ga Satumba, 2025

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, yaya jiki, yaya Gwaggo da ciwon bayanta? Mudasiru yana gaishe ku. Jikanka ya fara rarrafe, ba abin da ya tsira a ɗakin nan, har igiyar cajin kwamfuta ya ɗanɗana.

Fiye da shekara ke nan ban kawo maka maganar kati a takarduna ba, kai ma ba ka tambaya ba. Yau dole in kawo.

Zan fara da ɓangaren da ya tafi daidai. Lokacin da nake jego ban taɓa kwamfuta ba. A cikin watannin nan wani mutum a wata ƙasa ya canza yadda kwamfutar ƙaryar ke rarraba ajiya, aikinsa ya karya katinmu. Gwajin ya kama shi a daidai inda Kaɗanya ke tsallakawa ƙwaya ta biyu. Aka hana shi wucewa, ya zauna ya gyara, bai san mene ne batakari ba. Ni ban ma sani ba sai da na dawo na tarar an gama. A wannan tsakanin katunan gaske da suka rage duk sun mutu, na ƙarshe a watan azumi. Ba a rasa zane ko ɗaya ba. Abin da na ce zai faru ya faru.

Abin da Wumpini ya ce shi ma ya faru. Ban san ta wace hanya ba. An ce wani ne ya fitar da Kaɗanya ya mai da ita irin ta sababbin kekuna, ya jefa a wani zauren masu ɗinki na waya. Kafin Ƙaramar Sallah an fara ganinta a Kumasi. Kafin Babba ta iso kasuwar Aboabo, a rataye a rumfa bayan rumfa, a kan yadi mai arha, ja da kore da wani ruwan hoda da ba za ka so ka gani ba. Ranar Damba na tsaya a bakin titi da yaro a baya. Makaɗa sun sa ta, masu babur sun sa ta, wani mai sayar da rake ma ya sa ta. Mutane suna yabawa, wallahi suna yabawa, ba wanda ya san daga inda ta fito.

Gidajen sarauta ba su zo Tishigu bana ba. Wani wakilinsu ya gaya wa Wumpini cikin ladabi cewa mai gida ba zai fita da abin da mai riƙe masa laima ke sanye da shi ba. Ba su nemi wani zanen ba, sun tafi wajen masu aikin hannu. Sauran masu ciniki kuma sun ga babu dalilin jiran layi a kan abin da ke rataye a kasuwa. Wumpini ya sallami telolinsa biyu bayan Damba. Bai yi mini faɗa ba ko sau ɗaya. Ko sunan yaron, lokacin da aka fara ganinta a Kumasi, ya zo, ya yi addu'a, ya ci abinci, ya tafi. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

Ni na kawo maka maganar, ni na jera maka hujjojin, kuma na san na iya jera hujja. Har yanzu in na bi lissafin daga farko ban ga inda zan canza ba, amma zuciyata ba ta bin lissafin. Ina baƙin ciki, Baba. Yayana ne.

Jiya da hantsi ya zo Changli da ƙunshin da Yidana zai ba ka tare da wannan takarda. Batakari ce, shi ya saye ta da kansa a Aboabo. Ya ce in aiko maka ka ga aikinka, tunda ba ka shigo gari ba. Na juya cikinta na duba. Ba su yi kuskure ko ɗaya ba, kowane ganye yana kan ɗan'uwansa yadda ka ɗora shi.

Bai zauna ba, ko ruwa bai sha ba. Ya ce in gaya maka ya samu aiki a Kumasi wajen masu sababbin kekunan, suna neman wanda ya san zare, zai tafi ranar Litinin. Ya ce ba fushi ba ne, iyali ne. Ya share shagon, ya shafa wa keken mai, ya lulluɓe shi. Zane-zanenka duk suna nan a kwamfuta, lafiya lau, duk ranar da aka samu mai ɗinka su.

Kafin ka ba Gwaggo rigar ta ajiye, ka sa hannu a aljihu. Makullin shagon yana ciki.

Allah ya ba ka lafiya, ya sa mu gana da alheri.

'Yarka,
Zuhuratu